Yadda Za Mu Raba Zalɓe Da Kifinmu Ba Tare Da Danƙo Ba

 Yau bayan gida za mu zagaya, inda ake kiwon kifi.

Duk wanda ya san unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha da Unguwar Romi har zuwa Gonin Gora, ya san kiwon tarwaɗa ya zama ruwan dare. Wani ya gina tankin bulo da siminti a tsakar gida, wani ya kafa na tamfol, wani kuma ya haƙa rami a lambunsa na bakin rafi. Akwai dalili. A da masaƙun Kakuri ne ke riƙe da dubban gidaje a wannan yanki. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu kuma suka bi bayanta, sai iyaye da yawa suka koma neman abin dogaro a cikin gida. Kifi kuwa ba ya kwantai, domin masu farfesu da masu banda kullum suna nemansa. A gidaje da dama, daga cinikin kifin nan ake fitar da kuɗin makaranta da na rajistar jarrabawa.

To, wa ke ba kifin abinci safe da yamma? Galibi mu ne 'yan makaranta. Saboda haka ranar da aka lura kifi ya ragu, mu ake fara tambaya. In muka rantse ba mu san komai ba, sai zargi ya tsallaka katanga ya faɗa kan yaran maƙwabta. Alhali a wurin kiwon da ba a rufe samansa ba, sau da yawa ɓarawon fiffike gare shi, kuma kafin a tashi daga barci ya gama aikinsa ya yi gaba. Sunansa zalɓe.

Wane ne zalɓe?

Zalɓe tsuntsu ne mai dogon wuya da dogayen ƙafafu da baki mai tsini kamar mashi. Kada mu haɗa shi da balbela, farar nan da ke bin shanu tana cin fara. Danginsu ɗaya, amma zalɓe ya fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma launinsa toka-toka ne.

Iri biyu muka fi gani a yankinmu. Na farko shi ne mai baƙin kai, wanda masana ke kira Ardea melanocephala. Ɗan gida ne, a nan Afirka yake rayuwarsa, yakan yi sheƙa a kan dogayen itatuwa har a cikin gari, kuma yana farauta a gonaki da filayen ciyawa kamar yadda yake yi a bakin ruwa. Na biyu shi ne Ardea cinerea, mai farin kai da baƙin zane a bayan ido. Tsayinsa yakan kai mita 1, fukafukansa in ya buɗe su sun wuce mita ɗaya da rabi, amma nauyinsa tsakanin kilo 1 ne zuwa 2. Wasu daga cikin irin wannan baƙi ne daga Turai. Idan sanyi ya kama can, sai su tsallako Bahar Rum da hamadar Sahara su yi hunturu a Afirka ta Yamma, su koma wajen watan Maris.

Wannan ya sa matsalar ta fi tsanani da rani. Baƙi sun ƙaru, ga Kogin Kaduna ya ja baya har duwatsunsa sun fito, ƙananan kududdufai da fadamun bakin Rafin Romi suna ƙafewa. Tsuntsun da ke shawagi a sama ya hango ruwa yana ƙyalli a bayan wani gida, cike da kifi ɗaruruwa a wurin da bai fi faɗin ɗaki ba. Ai ya samu gidan biki.

Yadda yake farauta shi ne mabuɗin maganarmu. Zalɓe ba ya faɗowa ruwa daga sama kamar shirwa. Yakan sauka a gefe ko kan katanga, ya daɗe yana duban wurin, sannan ya taka a hankali zuwa bakin ruwa ko ya shiga inda ba zurfi. Daga nan sai ya tsaya cik kamar an dasa shi, wuyansa a lanƙwashe. A wuyan nan akwai wani ƙashi, na shida, mai siffa ta daban, wanda ke ba shi damar harba kansa gaba cikin ƙiftawar ido. In ya kama kifi sai ya juya shi ya haɗiye ta kai, don kada ƙaya ta maƙale masa. Lokacin da ya fi so shi ne asuba da gab da magariba.

'Yan ajin kimiyya, ku tuna darasin lanƙwasar haske a Fiziks, wanda ke sa cokali ya yi kamar ya karye in aka tsoma shi a kofin ruwa. Saboda wannan lanƙwasa, kifin da ke cikin ruwa ba a daidai inda ido ke ganinsa yake ba, ya fi haka zurfi. Masu bincike sun gano cewa dangin zalɓe suna gyara wannan bambanci kafin su kai sara. Tarwaɗa kuma tana da raunin da ke taimaka masa: tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan riƙa tasowa saman ruwa. Zalɓe jira kawai yake yi.

Mu yi ɗan lissafi

Babban zalɓe yakan ci abincin da ya kai giram 300 zuwa 500 a rana. Mu ɗauka an zuba 'ya'yan tarwaɗa 500 a tanki, kowanne nauyinsa giram 10. In tsuntsu ɗaya ya ƙoshi a tankin, giram 300 kifi 30 ke nan a rana. Cikin mako guda 210 sun tafi, cikin mako biyu 420. Ku tambayi nawa ake sayar da ɗan kifi ɗaya a wurin masu ƙyanƙyasa, ku ninka, sannan ku ƙara kuɗin abincin da suka ci kafin a cinye su. Kada ku manta, kowane ɗaya daga cikinsu zai iya kai kusan kilo guda cikin wata biyar ko shida da an bar shi.

Asarar ba ta tsaya a abin da ya haɗiye ba. Kifin da ya yi masa girma yakan sare shi ya saki, ciwon ya ruɓe, kifin ya mutu daga baya. Waɗanda suka tsira kan firgita su daina fitowa cin abinci, girmansu ya tsaya. Akwai kuma wata tsutsa mai suna Clinostomum da ke zama a baki da maƙogwaron zalɓe. Ƙwayayenta na zuba a ruwa, su shiga jikin dodon koɗi, daga nan su koma jikin kifi su zama ƙurajen nan masu ruwan ɗorawa a cikin tsoka. Mai saye in ya ga haka, ciniki ya watse.

Mu tabbatar da ɓarawon tukuna

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowace asara ce ta zalɓe ba. Kafin a kashe kuɗi ko a ɓata da maƙwabci, ga dabara mai sauƙi: da yamma a share kewayen wurin, a barbaɗa toka ko lallausan yashi. Da safe ƙasa za ta ba da labari.

Sawun zalɓe babba ne, dogayen yatsu uku a gaba da ɗaya a baya. Yakan bar farin kashi mai ruwa-ruwa kamar an watsa farar ƙasa a kan katanga. Kifin da ya kuɓuce masa za a ga huda a jikinsa, ko zane biyu a kowane gefe inda baki ya matse shi. Guza kuwa tana barin sawun farce da dogon layin da jelarta ta ja, wani lokaci da ragowar kifin da ta yaga. In manyan kifaye ne suka ɓace da yawa a dare ɗaya, ruwa ya gurɓace, ga sawun takalmi, to wannan mai ƙafa biyu ne marar fiffike, sai a bar wa manya maganar.

Akwai kuma ɓarawon cikin gida. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. In kifi na raguwa ba gawa ba sawu, amma wasu 'yan kaɗan sun yi wa sauran fintinkau a girma, su ne masu laifin. Maganinsu a riƙa tace kifin kamar kowane mako biyu yayin da suke ƙanana, a ware manya daban. Idan kuma gawa ake gani tana yawo a sama, ruwan yana wari, matsalar ruwa ce, a canza shi. Da damina tarwaɗa kan iya tsallake baki ta ja ciki ta gudu in ruwan sama ya cika tanki. Kowace cuta da maganinta, shi ya sa bincike ke gaba da komai.

A rufe masa hanya

In an tabbatar zalɓe ne, mu tuna abubuwa uku da yake bukata: wurin sauka, wurin tsayawa, da kifin da bakinsa zai kai gare shi. Duk wanda ya hana shi waɗannan ya gama da shi.

Raga ita ce kan gaba, kuma babu dabarar da ta kai ta. Amma akwai yadda ake sa ta. A kafa sanduna ko gora, a ɗaga ragar kamar santimita 60 daga saman ruwa, wato ƙafa biyu, a ja ta ta yi tauri. Ragar da ta kwanta a kan ruwa ba ta hana komai, domin zalɓe zai taka ta ya sari kifi ta cikin ido. Idon ragar kada ya wuce santimita 5, in kuma ƙananan tsuntsaye masu kamun kifi na zuwa, a nemi mai santimita 2 da rabi. A saukar da gefunanta har ƙasa a danne da bulo, saboda ƙaramar kafa ta ishe shi shiga. A zaɓi mai kaurin zare wadda tsuntsu zai gani daga nesa, don siririyar da ba a gani takan sarƙe shi. A bar wani ɓangare da za a riƙa ɗagawa wajen ba da abinci.

A nan akwai gargaɗi babba. Kada a rufe kifi da gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti. Maganin da ke jikinsa guba ne mai ƙarfi ga kifi ko da kaɗan ne, kuma ruwan sama ko raɓa na iya wanke shi zuwa cikin tanki. Araha ba ta ado. Gidan sauro na kan gado ne, can yake kare mu daga zazzaɓin cizon sauro.

Na biyu shi ne zurfi. Zalɓe galibi ba ya son ruwan da ya fi ƙarfin ƙafafunsa. Ramin ƙasa ya kasance ruwansa ya kai mita 1, gefunansa kuma kada su zama shimfiɗaɗɗu kamar mashayar dabbobi. Da rani a riƙa ƙara ruwa, domin in ya ja baya sai gefe ya zama masa wurin tsayawa. A tankin siminti ko na tamfol, a bar tazarar kamar santimita 50 zuwa 60 tsakanin ruwa da bakin tanki, ta yadda ko ya tsaya a kai zai sha wuya kafin bakinsa ya kai. Wannan tazara tana kuma hana tarwaɗa tsallakewa.

Na uku, ga wanda raminsa ya yi faɗin da kuɗin raga ya gagara, igiya na rage ɓarna. A kafa turaku a kewaye, a ɗaura igiya biyu, ɗaya a tsayin santimita 20, ɗaya a 35. Tunda da ƙafa yake isa bakin ruwa, igiyar na harɗe shi ta dame shi. A kuma ja wasu igiyoyin a sama daga gefe zuwa gefe, kusa da juna, domin tsuntsu mai faɗin fukafukai irin nasa ba ya son wurin da tashi zai yi masa wuya. Wannan ba ta kai raga ba, amma ta fi babu.

Na huɗu, a ba kifin maɓoya. Guntayen bututun roba, bulo mai rami, ko tsohuwar tukunyar ƙasa da aka kifa a kan duwatsu, duk suna aiki. Ana iya rufe kashi ɗaya bisa uku na saman ruwan da zana ko ganyen kwakwa, wanda zai ba da inuwa lokacin zafin Maris da Afrilu. In kainuwa za a sa, kada a bari ta mamaye ruwan, domin da dare tsirrai ma suna shan iskar oksijin.

Na biyar ya shafe mu kai-tsaye, wato yadda muke ba da abinci. Abinci mai yawo a sama yana taso da kifi gaba ɗaya. Wanda ya watsa shi da asuba ya ruga makaranta ya shimfiɗa wa zalɓe tabarma. A zuba daidai abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, a tsaya har su gama, sannan a mayar da raga.

Mutum-mutumi da tsofaffin faya-fayai

Wasu za su ce, me zai hana a kafa mutum-mutumi, ko a rataye tsofaffin faya-fayan CD da gwangwanaye masu ƙara? Ana iya yi, kuma sukan yi aiki na 'yan kwanaki. Sai dai Hausawa sun ce ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Zalɓe mai lura ne. In ya ga abin nan bai taɓa motsawa daga inda yake ba, wata rana a kansa zai sauka. A Turai ma ana sayar da zalɓen roba da ake kafawa a bakin tafkin lambu da zaton na gaske zai ga wurin da mai shi, amma masu kiwo da yawa sun ga bai hana komai ba. Mai son amfani da waɗannan sai ya riƙa sauya musu wuri da kama kowane kwana biyu ko uku, ya ɗauke su a matsayin mataimaka kafin a samu raga. Kare da ke kwana a tsakar gida da zirga-zirgar mutane sun fi su tasiri.

Me ya sa ba za mu harbe shi ba?

Mun san abin da ke ran wasu ƙannenmu maza: ga danƙo, ga tsakuwa. Dalili na farko, harbi ba ya magance komai. Muddin ruwan na buɗe, in an kashe ɗaya wani zai maye gurbinsa, domin abin da ya jawo na farko yana nan. Na biyu, zalɓe mai baƙin kai yana cin ɓeraye da fara da manyan ƙwari a gonakinmu, wato ma'aikaci ne da ba a biyansa. A 1958 gwamnatin Mao Zedong a ƙasar Sin ta sa jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka kashe su bila adadin, sai ƙwarin da suke ci suka yi yawa suka afka wa gonaki, abin da ya ƙara tsananta yunwar da aka yi daga 1959 zuwa 1961. A 1960 dole aka cire gwara daga jerin abokan gaba.

Na uku, zalɓen da ke ƙaura ba namu ba ne mu kaɗai. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a 1995. A Ingila dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe shi, masu tafkin kifi a can raga suke sawa kamar yadda muke ba da shawara. Guba kuwa kada ma a fara tunaninta, domin kaji da karnuka da ƙananan yara duk suna tsakar gidan, kuma ruwan sama zai kai ta cikin tanki.

In aka wayi gari zalɓe ya sarƙe a raga, kada yaro ya matsa kusa. Idan ya firgita fuska yake kai wa sara, musamman ido. A kira babba, a lulluɓe kansa da zane, a riƙe bakin, a kwance shi a sake shi. Mu kuma sani cewa ragar tsuntsu ba ta ɗaukar nauyin yaro. Gidan da ke da masu rarrafe da masu tatata, wajibi ne a kewaye ruwan da shinge mai ƙofa.

Aikin wannan mako

Wanda ake kiwon kifi a gidansu ko a gonar makarantarsu, ya ware littafi guda. Ya rubuta ranar da aka zuba kifi da adadinsu, ya riƙa rubuta wanda ya mutu kullum, da adadin da aka samu duk ranar da aka tace. Ya barbaɗa toka kwana uku a jere, ya zana sawun da ya gani, ya auna tsawonsa da rula. Ya auna zurfin ruwan da tazararsa da bakin tanki. Sannan ya kai wa Baba ko Mama ko malamin aikin gona sakamakon, tare da lissafin kuɗin raga a gefe ɗaya da kuɗin kifin da ake asara a ɗaya gefen. Magana da alƙaluma ta fi shiga kunnen manya, kuma tana iya wanke wanda aka zarga ba da haƙƙinsa ba.

Wannan aiki ba wasa ba ne, ƙofar sana'a ce. Kiwon kifi ya kasance cikin darussan sana'a da aka riƙa rubutawa a jarrabawar WAEC, kuma Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa cikin Jihar Neja, akwai cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya mai wayar da kan manoma. Wanda kuma tsuntsun ne ya burge shi, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos.

Ku rubuto mana abin da tokarku ta nuna, tare da sunan makarantarku da unguwarku, za mu kawo wasu daga ciki a wannan fili. Sai mun haɗu mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.